Shagon Dalhatu, Bayan La'asar

A Samaru, bayan layin masu buga takardu,
akwai shago mai shuɗiyar ƙofa,
faɗinsa bai kai ɗakin ɗalibi ba.
A nan muke yaƙi.

Sojojinmu ba su fi ɗan yatsa tsawo ba.
Da roba aka zuba su, mu muka yi musu fenti.
Tsaunin da suke hawa soson tsohuwar katifa ne,
kogin kuwa leda ce da gam.

Mai shayin tsallake ya ce caca muke yi,
don ya ji ɗan lido na gangara a tebur.
Wata ta leƙo, ta ce gumaka, ta tofar da yawu.
Kawuna ya ce, ƙato da gemu har ƙirji
ya zauna yana wasan 'yar tsana!
An ce ba ma wanka.
An ce ba ma amsa sallama.
An ce in mace ta shigo sai mu yi tsit
kamar ruwa ya ci mu,
ko mu hau ta da gyaran da ba ta nema ba.

To, ba duka ne ƙarya ba.
Ba zan rufa wa Iro asiri ba.

Iro kan shigo da man awara a hannu,
ya damƙi abin mutum babu tambaya.
In ya ja tef, inci shida ya zama takwas,
in ka yi magana ya ce idonka ne.
Ya taɓa yi wa wani yaro ɗan Kwangila tsawa
don ya manta ƙa'ida ɗaya,
yaron ya tattara sojojinsa bakwai a gwangwanin madara,
har yau ba mu sake ganinsa ba.

Ranar Asabar ɗin nan Rifkatu ta zo daga Wusasa
da giwar yaƙi da ta yi sati uku tana fentawa,
da buroshi mai gashi uku ta ɗiga mata ido.
Iro ya ɗaga ta sama ya ce,
wa ya yi miki, saurayinki?
Ta suɓuce.
Haure ɗaya ya shige ƙarƙashin benci.
Ya ce, ai roba ce.

Mu shida ne a wurin.
Ni na sunkuyar da kai ina ƙirga ɗan lido
kamar ban san fuskokinsa shida ba.
An ce wake ɗaya ke ɓata gari,
amma garin ma ya kwanta ya yi shiru.

Dalhatu ne ya miƙe, mutumin da ba ya son magana.
Ya kashe fanka don kowa ya ji.
Ya ce, Iro, wata guda, kar in ga takalminka.
Sannan ya yago kwalin taliya ya rubuta:
A wanke hannu. A tambaya kafin a taɓa.

Rifkatu ba ta manna hauren ba.
Ta shafa ja a gurbin, ta ce rauni ne na fama,
da giwar ta cinye ni sau biyu a jere.

Ni da safe a Shika nake,
ina leƙen jinin mutane ta madubi,
ina rubuta lambar da wani zai karanta ya yi kuka.
Da yamma ina son wurin da in soja ya faɗi
sai a ɗauke shi, a hure masa ƙura,
a kwantar da shi a auduga sai gobe.
Wannan ban iya faɗa wa kawu ba.

Jiya da aka ɗauke wuta mai shayi ya tsallako
ya kawo mana canji.
Ya daɗe tsaye a kan giwar, da tocilar waya.
Ya goge hannu a riga, ya sake gogewa,
ya dubi Rifkatu ya ce,
in taɓa?